Eladiyo Diyeste, injiniyan da ya lanƙwasa tubali

Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin ginin ɗaki ya san tada bango abu ne mai sauƙi in aka gwada shi da rufi. In ɗakin ƙarami ne, sai a jera azara, a shimfiɗa zana, a zuba ƙasa, an gama. Amma in wuri mai faɗi ake son rufewa, kamar kasuwa, ko mangazar hatsi, ko zauren da mutum ɗari biyar za su zauna ba ginshiƙi a tsakaninsu, to, a nan lissafi yake tashi. Sai an nemo ƙarfe da katako da kwano, kuma yawancinsu daga wata ƙasa ake sayo su. Ƙasa matalauciya takan ci bashi kafin ta rufe ma hatsinta ɗaki.

Wani injiniya na ƙasar Urugwai, mai suna Eladiyo Diyeste, ya yi shekara wajen hamsin yana fama da wannan matsala. Maganin da ya samo kuwa yana nan ƙarƙashin ƙafarsa tun farko, watau yumɓu.

Ƙasarsu da ƙuruciyarsa

Urugwai ƙaramar ƙasa ce a Amurka ta Kudu, tsakanin Birazil da Ajantina, a bakin tekun Atlantika. Nijar ta ninka ta girma sau bakwai. Mutanenta ba su kai miliyan huɗu ba, shanunta da tumakinta sun fi mutane yawa nesa ba kusa ba. Ƙasa ce ta fili da ciyawa. A zamanin da ake magana ba ta da manyan dazuzzukan katako, ƙarfen gini kuwa sai jirgin ruwa ya kawo. Abin da take da shi a wadace abu biyu ne: yumɓu mai kyau, da magina. Kakannin maginan sun yi ƙaura daga Ispaniya da Italiya, sun zo da sana'ar tubali a hannunsu.

Tubalin nasu ya bambanta da namu na ƙasa wanda rana take busarwa. Su sukan zuba yumɓu cikin akwati mai kusurwa huɗu, in ya bushe su gasa shi da wuta kamar yadda ake gasa tukunya, har ya yi ja ya yi tauri. Shi ne waɗansu ke ce ma jan bulo. Duk inda aka ce tubali a wannan labari, irinsa ake nufi.

An haifi Eladiyo Diyeste cikin watan Disamba na 1917 a Artigas, wani gari na can ƙuryar arewa wanda kogi kaɗai ya raba shi da Birazil. Asalin gidansu daga Galisiya ne, a arewa maso yammacin Ispaniya. Gida ne na karatu, har ɗan'uwan ubansa, Rafayel Diyeste, sanannen marubuci ne a Ispaniya. Da yaron ya gama lakwal ɗin garinsu, sai ya tafi Montebideyo, babban birni, ya shiga sashen injiniyoyi na Jami'ar Jamhuriya. Ya fita a 1943.

A jami'a an koya masa abin da ake koya ma kowane injiniya a lokacin, watau gini da ƙarfe da kankare, yadda ake yi a Turai da Amurka. Tubali kuwa ana ganinsa abin da ne, na ƙananan gidaje da katangu. Diyeste ya fara aiki a ma'aikatar ayyuka ta gomnati, wajen gadoji, ya kuma yi aiki da kamfanonin gini. Tun yana saurayi jami'ar ta ɗauke shi koyarwa, bai bari ba sai a 1973, shekarar da soja suka karɓe mulkin ƙasar. Ya yi aure a 1944, Allah ya ba shi ƴaƴa fiye da goma.

Gidan bakin teku

A 1946 wani mai zanen gine-gine ɗan Kataloniya, Antoni Bonet, yana gina ma wani mutum gida a Punta Balena, a bakin teku. Yana son rufin ɗakunan ya zama baka-baka, na kankare. Ya nemi matashin injiniya ya yi masa lissafi. Diyeste ya duba, ya ba da shawara a bar kankare a yi da tubali: a jera shi layi ɗaya tak bisa gadon katako mai siffar baka, a sa ƴan siraran ƙarafa cikin tsagar da ke tsakanin tubali da tubali, a cike da kwaɓin siminti. Aka yi haka. Bakunan suna da faɗin metir 6. Da aka cire katako suka tsaya cak.

Ƙaramin aiki ne, wani injiniyan da ya karɓi kuɗinsa ya manta. Diyeste kuwa sai tambaya ta kama shi. In tubali ya rufe metir 6, me zai hana ya rufe 20, ko 40? A tsakiyar shekarun 1950 ya haɗa kai da abokin karatunsa, injiniya Ewuheniyo Montanyes, suka buɗe kamfanin gini nasu, don su riƙa zana aiki kuma su gina shi da kansu.

Danni da ja

Don a gane abin da ya yi, sai an fara sanin halin tubali. Ku ɗora tubali a ƙasa, ƙato ya hau kansa, ba abin da zai same shi. Yana jure ma danni ƙwarai. Amma ku liƙa tubala goma a jere da kwaɓi, mutum biyu su kama nan da can su ja, ko su ɗaga su kamar sanda: nan take za su rabu. Tubali ba ya jure ma ja. Ƙarfe kuma siririnsa ma yana jure ma ja, kamar igiya. Saboda haka dabarar ita ce a ba kowa aikin da ya iya. Inda nauyi ke dannawa a bar ma tubali, inda yake ja a sa ƙarfe.

Maginan ƙasar Hausa sun san wani abu mai kama da wannan tun da daɗewa. Bakan gizon da ake gani a soraye da masallatai ƙasa ce a waje, azara a ciki, an ɗaure ta hawa-hawa har ƙafafun bakan biyu suka haɗu a sama. Da haka Babban Gwani Muhammadu Durugu ya rufe masallacin Juma'a na Zariya a wajen shekarun 1830. Da irin wannan hikima kuma Falke Barmu ya gina masallacin Yama, cikin jihar Tawa, wanda aka fara a 1962, ya kuma sami lambar yabo ta Aga Kan a 1986. Sai dai akwai bambanci. A bakan gizo itace ne ke ɗauke da yawancin nauyi, shi ya sa bakan yake da kauri, kuma faɗinsa bai wuce ƴan metoci ba. A wurin Diyeste tubalin kansa ne mai ɗaukar kaya, ƙarfe ɗan taimako ne kawai.

To, wace siffa za a ba baka don kowane tubali ya zama danna shi ake yi, ba ja ba? Wani masanin Ingila, Robat Huk, ya gano amsar tun ƙarni na 17. Ku sami sarƙa, ku riƙe bakinta biyu, ku bar tsakiyar ta yi lilo. Za ta lanƙwasa da kanta, kuma kowane zobe jan na kusa da shi yake yi. Da za a daskarar da sarƙar nan a kifa ta, ta koma baka, to, duk inda ake ja a da ya koma danni. Wannan lanƙwasa ta sarƙa ita Diyeste ya ba duk bakunansa.

Saura matsala biyu. Ta farko, baka yana son ya buɗe ƙafafunsa ya ture bangon da yake zaune a kai. Kowane maharbi ya san maganin wannan: tsirkiya. Diyeste yakan ɗaura sandar ƙarfe daga wannan ƙafa zuwa waccan, ta riƙe su kamar yadda tsirkiya ke riƙe bakan farauta.

Ta biyu ta fi wuya. Abu siriri mai tsawo in aka danna shi ba ya jira ya farfashe, lauyewa yake yi, kamar karan dawa in an dogara a kansa. Baka mai faɗin metir 40 da kaurin tubali ɗaya zai lauye ya rufta tun kafin tubalin ya ji nauyi. Maganin da kowa ya sani shi ne a ƙara kauri. Amma ƙarin kauri ƙarin nauyi ne, ƙarin nauyi kuma yana neman ƙarin ƙarfe da ƙarin tushe da ƙarin kuɗi. Diyeste ya ƙi bin wannan hanya.

Ku ɗauki fallen takarda ku riƙe ta a gefe ɗaya. Za ta langaɓe. Yanzu ku nannaɗe ta hawa da sauka kamar mahuci, ku ɗora ta tsakanin littafi biyu. Za ta ɗauki alli, har da ƙaramin littafi. Takardar ba ta ƙara kauri ba, siffarta ce ta sake. Kwanon rufi, wanda ake ce ma tol, ba don tudu da kwarin da aka yi masa ba da bai fi tabarma ƙarfi ba. Rumbunan laka na Adar ma haka suke: bangonsu bai fi tafin hannu kauri ba, amma don an kewaya shi kamar tulu yana riƙe hatsin shekara.

Sai Diyeste ya sa rufinsa ya lanƙwasa ta fuska biyu. Daga bango zuwa bango baka ne mai siffar sarƙa. In kuma aka bi tsawon ginin, sai a ga yana hawa yana sauka kamar igiyar ruwa. A bakin bango, inda rufi yake zama, layin a miƙe yake. Tudu da kwarin suna ƙaruwa a hankali har su kai iyakarsu a tsakiya, daidai inda haɗarin lauyewa ya fi yawa. Ya raɗa ma wannan rufi sunan Gaus, wani babban masanin lissafi na Jamus wanda ya rasu a 1855, wanda ya yi nazarin lanƙwasassun abubuwa. Lissafin irin wannan rufi ba ya cikin littattafan da aka karanta masa. Shi ya zauna ya fitar da shi, da fensir da takarda, a zamanin da injiniyoyin ƙasarsa ba su da kwamfuta.

Gado mai tafiya

Da siffar kaɗai ya gano, da aikin bai yi araha ba. Abin da ke sa rufin kankare mai lanƙwasa tsada shi ne katako. Sai an kafa ma rufin gado duka, a zuba kankare, a jira kwanaki da yawa ya yi ƙarfi. A ƙasar da ba itace wannan ba ƙaramar hasara ba ce.

Tubali kuwa ya riga ya yi tauri tun daga wurin gashi. Abin da yake ɗanye a rufin ɗan kwaɓin da ke tsakani ne kawai, shi ma tubalin yana tsotse ruwansa ya kama da wuri. Saboda haka Diyeste yakan ƙera gado guda, daidai yanki ɗaya na rufin, ya ɗora shi bisa ƙafafun ƙarfe masu tafiya. Magina su hau su jera tubali, su sa ƙarafa a tsagogi tsaye da kwance, su cike da kwaɓi, su shafe bisa da siminti marar kauri. Kashegari a sassauta gadon ya sauka kaɗan, a tura shi gaba, a ɗaga, a fara sabon yanki. Gado ɗaya yakan rufe masana'anta sukutum. Daga baya a shafa ma bayan rufin farin fenti don ya mayar da zafin rana.

Akwai wani amfani a ɓoye cikin wannan gaggawa. Ranar da aka cire gado, a ranar rufin ya fi rauni duk tsawon rayuwarsa, don kwaɓin bai gama ƙarfi ba. In ya tsaya a ranar, to, an jarraba shi ke nan.

Sau da yawa yakan yanka rufin gunduwa-gunduwa, bakin wannan ya ɗan fi na gaba tsawo, a sa gilashi a tsakani. Haske ya shigo daga sama, ma'aikata su yi aiki da rana ba fitila. Da wannan dabara ya rufe masana'antar TEM a Montebideyo tsakanin 1960 da 1962, faɗinta metir 43, ba ginshiƙi ko ɗaya a tsakiya.

Majami'ar ma'aikata

Ginin da ya fi fitar da sunansa ba shi ne mafi girma ba. Gabas da Montebideyo, tafiyar kilometir arba'in da ƴan kai, akwai wurin shaƙatawa a bakin teku mai suna Atlantida, inda masu hali ke zuwa hutu. Can baya, kusa da tashar jirgin ƙasa, akwai ƙauyen talakawan da ke yi masu aiki: magina, masu dafa abinci, masu shara, manoma. Wani mai hali, Alberto Judiche, da matarsa suka so a gina ma ƙauyen majami'a. Abin da suka nema wurin Diyeste rufi ne kawai mai araha, irin na mangaza. Diyeste, wanda Kirista ne mai riƙo da addininsa, yana ganin bai kamata a ce talaka sai abin da aka ga dama ba. Ya karɓi aikin duka. An gina ta daga 1958 zuwa 1960, aka sa mata suna Majami'ar Almasihu Ma'aikaci.

Faɗinta metir 16, tsawonta kimanin 30, tsayin bango metir 7. In mutum ya dubi gindin bangon zai ga layi ne miƙaƙƙe. In ya ɗaga kai sai ya ga bangon yana shiga yana fita, har a sama ya zama kamar labulen da iska ke kaɗawa. Kaurinsa santimetir 30 ne kawai. Bango miƙaƙƙe mai wannan tsayi da wannan siranta zai nemi madogara, amma wannan lanƙwasar tasa ce madogararsa. Rufin ma yana hawa yana sauka, ya haɗu da bangon baki da baki, ƙarafan tsirkiya kuwa an ɓoye su cikin kwarin rufin, ba a ganinsu. Ba a yi ma ginin yaɓe ba, ciki da waje jan tubali ne tsirara. Haske yana shigowa ta ƙananan tagogi masu gilashi kala-kala waɗanda mai shigowa ba ya gani sai ya waiwaya. A gefe akwai hasumiyar ƙararrawa mai tsayin metir 15, ita ma ta tubali, an yi mata huda-huda don iska ta wuce.

Babu injin ɗaga kaya mai tsada a wurin, babu gwanayen da aka ɗauko daga Turai. Maginan ƙasar ne suka yi ta, da zare da ma'auni da cokalin gini. Don a fitar da lanƙwasar bango, sai a kafa katako a zana layin ƙasa da na sama, a ɗaura zaruruwa tsakaninsu, magini ya bi zare. Wannan shi ne abin sha'awa a aikin Diyeste: lissafin mai zurfi ne, amma in ya iso hannun magini ya zama abin da zai iya bi da idonsa.

A 1967 gobara ta cinye rufin majami'ar San Fedro a garin Durasno. Aka kira shi. A nan bai yi baka ba. Ya yi bango da rufi da shimfiɗaɗɗun fallayen tubali, an karya su kamar takardar da aka ninke, suka tsallake metir 32 daga ƙofa zuwa ƙurya. Tsakanin rufi da bango ya bar siririyar tsaga, haske na bi, har mutum ya ga kamar rufin bai taɓa komai ba. An gama a 1971.

Mangazar tashar jiragen ruwa

A tashar jiragen ruwa ta Montebideyo akwai wata tsohuwar mangaza da ta lalace. Hukuma ta nemi ƴan kwangila su rushe ta su gina sabuwa. Diyeste ya je ya dubi bangayen, ya ga tsohon tubali ne mai kyau, aikin maginan da suka riga mu gidan gaskiya. Ya kawo shawara a bar su, a ƙarfafa su, a ɗora sabon rufi a kai. Kuɗin da ya nema ya fi na sauran sauƙi, aka ba shi. An yi aikin daga 1977 zuwa 1979.

Faɗin rufin nan metir 50 ne, watau rabin tsawon filin ƙwallo. Kaurinsa kimanin santimetir 12, bai kai tsawon fensir ba. Ku yi lissafin da kanku: santimetir 5000 a raba da 12, ya haura 400. In aka gwada kauri da faɗi, ɓawon ƙwai ma ya fi wannan rufi kauri.

Yana da wani irin rufi kuma wanda ba ya bukatar bango ko kaɗan. Dogon baka ne kamar an tsaga gora biyu an kifa, yana zaune bisa ƴan ginshiƙai, sauran jikinsa ya miƙa cikin iska. A irin wannan, bayan rufin ne ake ja, don haka sai an ɗaure shi da ƙarfe tamau tun kafin a cire gado. Injin da ake yin wannan da shi a Turai yana da tsada. Diyeste sai ya shimfiɗa ƙarfen kamar dogon zobe, ya kafe bakinsa biyu cikin rufin, sa'an nan a matse tsakiyar zoben har gefe biyu su haɗu. Makaɗi in ya matse tsirkiyoyin kalangu a hammata, fatar takan ɗaure. Haka ƙarfen ke jawo tubalan su matsu da juna. Inda ake bukatar ƙarin ƙarfi, ya ƙera na'urarsa da jak irin na ɗaga kamyo. A masana'antar Masaro, cikin jihar Kanelones, irin wannan rufi ya miƙa fiye da metir 16 ba abin da ya tokare shi, kaurinsa santimetir 10. A garin Salto ya rufe tashar mota da shi, ya kuma yi ma wani gidan mai rumfa mai fiffike biyu bisa ginshiƙi ɗaya tak. Mutanen garin suka sa mata sunan wani tsuntsun teku. Daga baya aka ɗauke ta ɗungum aka kafa a mashigar garin don tunawa da shi.

Ayyukansa suna da yawa: rumbunan shinkafa da alkama, ɗakunan wasanni, masana'antun ulu da na lemo, dogayen shato na ruwa, da hasumiyar telebijin mai tsayin kimanin metir 60 a Maldonado. A Birazil ya rufe babbar kasuwar kayan gona ta Porto Alegre. In aka haɗa filin da kamfaninsa ya rufe, ya wuce murabba'in metir miliyan ɗaya. Yawancinsu ba don kyau aka ba shi su ba. Ya ci kwangilar ne don ya fi kowa araha.

Abin da yake nufi da araha

A rubuce-rubucensa ya nuna cewa araha iri biyu ce. Akwai ta aljihun mai gini, akwai kuma wadda ta fi ta girma, watau kada a ɓarnatar da abin da duniya ta bayar, kada kuma a wulaƙanta ƙarfin ɗan Adam. A ganinsa tara kaya tuli don gini ya tsaya kasala ce ta tunani. Yana kuma ganin kuskure ne ƙasashe matalauta su riƙa kwaikwayon masu arziki ido rufe, su sayo injuna da bashi alhali mutanensu na zaune ba aikin yi. Bai ƙi ilimin zamani ba, ai da shi ya yi lissafinsa. Abin da ya ƙi shi ne a ce hanya ɗaya ce tak.

Sai dai kada a ɗauka dabararsa ta dace da ko'ina. Gasa tubali yana cin wuta, a ƙasa irin ta Sahel kuwa, inda itace ya yi ƙaranci, wannan abin dubawa ne sosai kafin a ce za a kwaikwaya. Aikin kuma yana son magina ƙwararru da injiniya mai tsayawa a kansu kullum. Inda ladan magini ya yi tsada, arahar takan gudu. Sa'an nan ƙarfen da ke cikin tsaga yana da abokin gaba, watau tsatsa. In ruwa ya sami hanya ya shiga, ƙarfe ya kumbura, sai ya fasa tubalin da aka sa shi ya riƙe. Waɗansu gine-ginensa sun gamu da wannan ciwo bayan shekaru, sai da aka yi masu gyara. Saboda waɗannan dalilai, da kuma sabon da injiniyoyi suka yi da ƙarfe da kankare, ba a sami masu bin sawunsa da yawa ba.

Ƙarshen rayuwarsa

Ya daɗe yana aiki duniya ba ta san shi sosai ba, don yana zaune nesa da manyan biranen da ake buga littattafan gini. Sai da ya tsufa lambobin yabo suka fara zuwa. A shekarun 1990 aka gayyace shi Ispaniya, ƙasar kakanninsa, inda aka gina majami'u da dabararsa a yankin Alkala, kusa da Madrid. Tubalin da kakanni suka ƙetare teku da shi ya komo gida da sabuwar siffa.

Eladiyo Diyeste ya rasu a Montebideyo cikin watan Yuli na 2000, yana da shekara 82. A 2021 hukumar UNESCO ta sa majami'ar Atlantida, da hasumiyarta, cikin jerin kayan tarihi na duniya, jerin da tsohon garin Agadas ya shiga a 2013. Ɗaliban gini daga ƙasashe da yawa suna zuwa ƙauyen, su tsaya a gindin bangon, su ɗora ma'auni su ga ko da gaske santimetir 30 ne.